Kwabban Iya Asama'u

Ranar kasuwar Batsari ce. Mahfuza ta tsaya bakin shagon masu kayan babur, ta rufe fuska da gefen mayafi saboda rana, ta ce wa mai shagon ruwan batir take so, ɗan kaɗan a kwalba.

"Batirin mene ne ya mutu, 'yan mata?"

"Ba batir ba ne. Wasu tsofaffin kwabbai zan jiƙa, an ce yana cire kore-koren nan."

Wani saurayi da ke zaune kan benci yana jiran a ɗaure masa birki ya miƙe tsaye da sauri har ya kusa ture bokitin mai gyara.

"Don Allah, baiwar Allah, kada ki yi haka."

Ta juyo ta dube shi. Dogo ne, baƙi, da farar riga mai guntun hannu. Yadda hankalinsa ya tashi sai ka ce wuta ta ce za ta cinna wa gida.

"Kwabbanka ne?" ta tambaya.

"A'a. Amma in kika zuba musu ruwan nan, kafin la'asar babu rubutu babu zane, sai ƙarfe kawai. Ko zan iya ganin guda?"

Ta kwance bakin mayafinta ta miƙa masa wani kwabo mai huda. Bai karɓa yadda mutane ke karɓar kuɗi ba. Sai da ya goge hannunsa da hankici, ya kama shi ta gefe da yatsu biyu, ya ɗaga shi ga haske.

"Sunana Sharhabilu," ya ce, idonsa na kan kwabon. "Kemis gare ni a Safana. Irin waɗannan nake tarawa tun ina sakandare."

"Ni kuma Mahfuza. Na kakata ne."

Sai a nan ya sauke kwabon ya dube ta sosai.

Su Mahfuza mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ruma. Da hare-hare suka yi yawa, mahaifinta Malam Mani ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin Batsari, ita kuma ta kafa keken ɗinki a zaure. Ranar gudun, kakarta Iya Asama'u, mahaifiyar Malam Mani, ta tona rami a ɗakinta ta binne wata tukunya. A ciki akwai kwabbai da aninai da sulalla, da wasu manyan kuɗin azurfa da aka kitsa mata a kai lokacin aurenta, don ita 'yar Fulani ce aka kawo gidan manoma. Damina biyu tukunyar ta yi a ƙasa. Da aka samu aka tono ta, tsohuwar ta buɗe, ta ga tagullar ta yi tsanwa, azurfar ta yi baƙi ƙirin, sai ta rufe ta koma kan tabarma, yini guda ba ta ci abinci ba.

Washegarin ranar kasuwar da hantsi Sharhabilu ya yi sallama a gidan da Mahfuza ta kwatanta masa. Ya durƙusa ya gaida Iya gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ƙafa da ya ga tana matsawa.

"Wannan kuma wane miji ne kika samo mini?" Iya ta ce wa jikarta. "Ya cika tsawo, ba ni so."

"Iya, ki gwada ni wata guda, in ban yi ba ki kore ni," ya ce, suka yi dariya.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya sa safar hannu ta auduga, ya fara rarraba su. Tagulla gefe guda, azurfa gefe guda. Yana yi yana bayani, Mahfuza na tsugune tana kallon hannunsa.

"Kin ga danshi shi ne babban makashinsu. Sai zufar hannu, sai hayaƙi, har na turaren wuta. Kada a zuba su wuri ɗaya suna gogar juna. Kada a ƙulle su a leda mai laushi, ko a ɗaure da roba, wani abu mai yauƙi take bari a jikinsu."

"To toka da lemon tsami fa? Umma ta ce da su ake wanke azurfa."

"Za su yi ƙyalli kwana biyu, amma fatarsu aka kankare. Wannan duhun da kike gani a kan azurfar ba ciwo ba ne, shekaru ne. Kore-koren nan mai kama da gari a kan tagulla, shi ne ciwo. Ci yake yi, kuma danshin da ya tayar da shi zai kama na kusa da shi."

Iya ta matso. "Yaro, gaya mini gaskiya, sun mutu?"

"Ba su mutu ba, Iya. In kin yarda da ni, ki ba ni su in tafi da su Safana. Can nake da kayan aikin. Zan dawo miki da su kowane a ɗakinsa."

Tsohuwar ta dube shi tsawon lokaci, sannan ta tura masa tukunyar.

Daga ranar waya ta fara aiki. Da farko labarin kwabbai ne kawai.

"Salam Mahfuza. Na ɗauraye azurfar da tataccen ruwa, na tsane su da auduga. Ki gaya wa Iya an fara ganin zanen."

"Wa'alaikassalam. Iya ta ce Allah ya yi albarka. Ni ma na gode, Sarkin Kwabbai."

"Sarauta babu sarauniya? A taimaka a naɗa mini."

Ta karanta wannan saƙon sau da yawa, keken ɗinkinta a tsaye, kafin ta rubuta: "Sai an ga halin sarkin tukuna."

Kowace ranar kasuwa sai ya zo. Wata rana ya kawo mata wasu 'yan ƙananan ƙunshi masu ƙwayoyi kamar gishiri a ciki, irin waɗanda ake samu a kwalaben magani da kwalin sabon takalmi.

"Kowa zubar da su yake, ni kuwa tarawa nake. Danshi suke tsotsewa. Ki jefa a akwatin atamfofinki."

"Wasu samarin turare suke kawowa."

"Turare na nan tafe, Azurfata. Wannan na gaggawa ne."

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga murmushinta. Tun da suka baro ƙauye ba ta ƙara jin zuciyarta ta zauna wuri ɗaya haka ba.

Akwai wani Lawal, ɗan aminin Malam Mani, mai sayen hatsi a kasuwa. Shi ya samar musu gidan haya lokacin da suka zo ba su san kowa ba, kuma ya daɗe yana aiko wa Mahfuza ɗinkin da ba ya buƙata. Ita ba ta taɓa ba shi fuska ba. Da ya ga babur ɗin Safana ya yawaita a ƙofar gidan, sai ya samu Malam Mani bayan sallar la'asar.

"Baba, ni dai tsoro nake ji. Ba ka ji labarin masu bin gari suna neman tsohon kwabo ba? Wasu damfara suke yi da shi, wasu kuma wajen bokaye suke kaiwa. An ce yaron nan ɗaki guda ya ware, ba mai shiga, kuma ba ya taɓa su sai da safar hannu. Mutum ya tara kuɗin da ba ya sayen ko ashana, don me?"

Malam Mani mutum ne da tsoro ya riga ya yi wa illa. Ya rasa gona, ya rasa shanu, ya binne ƙaninsa. Abin da duk bai gane kansa ba, gudunsa yake. Ya shigo gida ya kira 'yarsa.

"Ki kira shi yanzu a gabana. Ya dawo da kayan Iya, kuma kada in sake ganin ƙafarsa a nan."

"Baba, wallahi ba haka yake ba..."

"Mahfuza, ban tambaye ki ba."

Ta kira ta gaya masa. Sharhabilu ya ce, "Ki ce wa Baba na ji, kuma na bi. Gobe za su iso."

Washegari direban motar Safana ya kawo wani akwatin roba mai tauri, mai murfi da ke kamawa gam. A ciki kowane kwabo na cikin 'yar ambulan ɗin takarda, an jera su tsaf, ga 'yan ƙunshin nan a kusurwa. Iya ta dinga buɗewa ɗaya bayan ɗaya tana hamdala. Can sai ta tsaya.

"Ina jajayen? Akwai tagulla da ban gani ba."

Aka zazzage, aka sake dubawa. Babu su. Mahfuza ta ɗauki waya, sai ta ga babu sabis ko ɗigo. Ta fita zaure, ta hau kan dakali, babu. A ranar ne aka katse layukan waya a duk yankin saboda matsalar tsaro, aka kuma taƙaita hawa babur.

Lawal ya zo da yamma, ya ji labari, ya girgiza kai. "Ai dama masu tsadar ya tsince."

Maganar ta shige Mahfuza. Ta rubuta saƙo tana hawaye: "Me ya sa? Da ka roƙa, Iya za ta ba ka." Saƙon ya tsaya a wayar, ya ƙi tafiya.

Makonni suka wuce. Ɗinki ya daina yi mata daɗi. Sau biyu tana haɗa hannun riga a baibai. Wani lokaci ta ce a ranta ba zai aikata ba, mutumin da ke goge hannu kafin ya taɓa kayan wani. Wani lokaci kuma ta ce, to me ya hana shi aiko da bayani a bakin direba? Ba ta san ya tsaya kan maganar mahaifinta ba ne, cewa kada ya sake neman ta.

Iya ce kaɗai ba ta yi shakka ba.

"Na ga ɓarayi a rayuwata, ɗiyata, har cikin ɗakina sun shigo. Ba haka idonsu yake ba."

Da aka yi rasuwar wata 'yar uwarsu a Babban Duhu, Malam Mani ya ɗauki uwarsa zuwa ta'aziyya, Mahfuza na riƙe da ita. A hanyar dawowa, motar na tsayawa a Safana, Iya ta dafa ƙofa ta sauka.

"Mani, ba ni komawa Batsari sai na ga kwabbaina."

"Iya, rana na yi."

"To ka tafi, ni ina da bakin tambaya."

Bai da yadda zai yi. Suka tambayi kemis ɗin Sharhabilu, aka nuna musu gidan da ke bayansa. Mahaifiyarsa, Inna Zuwairatu, ta tarbe su da ruwa da fura kamar ta san da zuwansu. Da Sharhabilu ya shigo ya gan su, sai ya zube ƙasa ya gaida Malam Mani. Ya rame. Bai ɗaga ido ya kalli Mahfuza ba.

"Ɗakin nan da ake faɗi nake so in gani," in ji Malam Mani.

"Bismillah, Baba."

Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai tsabta, nesa da madafa. Akwai kanta da aka ɗaga daga ƙasa, ba ta jingina da bango ba, da akwatuna a jere. Babu ƙwarya, babu jan ƙyalle, babu komai sai ƙamshin sabulu.

"Na marigayi mahaifinsa ne mafarin," Inna Zuwairatu ta ce daga bakin ƙofa. "Ɗan koli ne, ya bar wasu kwabbai a gwangwani. Yaron nan ya buɗe bayan shekaru ya tarar rabi sun lalace, ya yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Tun daga nan yake wannan hidima. Malaman makaranta ma kan aiko ya kai wa yara su gani."

Sharhabilu ya ɗauko wata kwalba mai faɗin baki daga can gefe, ita kaɗai.

"Ga na Iya, Baba. Su ne masu ciwon. Ba su gama bushewa ba lokacin da ka ce a dawo da kaya, na ji tsoron in haɗa su da masu lafiya. Na tura saƙo na yi bayani, ashe bai je ba. Da na ji shiru, na ɗauka an gani an ƙi amsawa ne."

Mahfuza ta tuna saƙon da ta rubuta masa. Ta jingina da ƙofa.

Iya ta karɓi kwalbar, ta zazzage a kan farin ƙyallen da ya shimfiɗa mata. Garin nan mai tsanwa ya tafi, sai 'yan ramuka inda ya ci. Tare da su wata 'yar takarda a naɗe ta faɗo.

"Wannan fa?"

"Wani guntun zaren fata ne, Iya, na same shi a cikin hudar ɗaya daga ciki. Fata na jawo musu lalacewa, dole na cire. Amma na ga kamar da gangan aka ɗaura, shi ya sa ban yar ba."

Tsohuwar ta warware takardar. Ta kalli guntun fatar da ta bushe ta yi baƙi, sai ta kira ɗanta.

"Mani, zo ka gani. 'Ya'ya uku na binne kafin kai. Da aka haife ka, uwar mijina ta ɗaura maka kwabon nan a wuya, ta ce ka ji nauyinsa ka zauna. Jahilci ne na lokacin, Allah ne ya raya ka. Amma da ka yi wayo na cire na ɓoye, ban taɓa iya rabuwa da shi ba."

Malam Mani ya karɓi zaren a tafin hannunsa. Ya jujjuya shi da yatsa. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya juya ga saurayin.

"Ɗana, na zalunce ka. Na ji magana ban bincika ba. Ka yafe mini."

"Haba Baba, wallahi babu komai. 'Yarka ka kare, ko ni ne haka zan yi."

"To ka turo manyanka."

Inna Zuwairatu ta rangaɗa guɗa tun kafin ya rufe baki. Mahfuza ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice tsakar gida da sauri.

Da za su tafi, ya rako su bakin mota. Ta rage tafiya har suka jera.

"Na zarge ka," ta ce a hankali. "Har saƙo na rubuta mai zafi. In sabis ya dawo, don Allah ka goge kada ka karanta."

"Zan karanta. Ina so in san yadda faɗanki yake tun yanzu, in shirya."

"Sharhabilu, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, Azurfata. Kin zo har gidanmu. Ya ishe ni."

Lawal da ya ji yadda aka yi, da kansa ya zo ya ba Malam Mani haƙuri, ya ce shi ma ji ya yi a bakin mutane. Malam Mani ya ce ya wuce, alherin da ya yi musu na gida ba zai manta ba, amma maganar Mahfuza an rufe.

Ranar da layuka suka dawo, Mahfuza na tsakiyar yanka wani leshi wayarta ta hau ƙara ba tsayawa. Saƙonni ne suka yi ta shigowa a jere.

"Na riƙe jajayen, ba su warke ba. Ki gaya wa Iya kada ta damu."

"Yau kasuwarku. Na shirya har na fito, sai na tuna maganar Baba, na koma."

"Ban sani ba ko kina gani. Ina yi miki addu'a, ko da ni ko ba da ni ba."

Ta ajiye almakashi ta zauna ta yi kuka mai daɗi, sannan ta rubuta: "An ga halin sarki. An yarda a naɗa sarauniya."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu. Mutanen Ruma da ke warwatse a Batsari suka hallara, wasu ba su ga juna ba tun gudu. Ranar kai amarya, Iya ta sa aka kira mata ango har ƙofar ɗaki.

"Kai mijin da na ƙi, izini nake nema. Azurfar nan da ita aka kai ni gidan miji. So nake in kitsa wa jikata. Na san dokarka, ba zufa, ba turare, ba man kitso."

Sharhabilu ya yi dariya har ya dafa bango.

"Iya, don wannan ranar aka adana su. Ki kitsa mata duka. Jibi na ɗauraye."

Haka aka fito da Mahfuza, azurfa na lilo a gefen kumatunta, tsofaffin matan Ruma na riƙe baki suna cewa Asama'u ce sak ranar nata auren. A bakin mota Malam Mani ya kama hannun 'yarsa. Ya buɗe baki zai yi doguwar nasiha irin ta iyaye, sai ya taƙaita.

"Na gode wa Allah," ya ce. "Na zaci komai namu ya ƙare a can. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya."

"Amin, Baba," ta ce cikin kuka.

Iya ta leƙo ta tagar motar, ta gyara wa amarya mayafi, ta ce da direba ya bi a hankali, kayan da ya ɗauko ba a samun irinsu a kasuwa. Mata suka ɗauki guɗa, motar ta kama hanyar Safana.